Yadda Ake Zaɓen Keken Ɗinki da Koyon Ɗinki Daga Tushe

Abu biyu ne ke kayar da mai koyon ɗinki tun a farkon tafiya: sayen keken da bai dace da shi ba, da gaggawar yanka yadi mai kyau tun hannunsa bai san keken ba. Duka biyun ana iya kauce musu. Shawarar da nake ba duk wanda ya zo koyo a wurina ita ce ya nemi keke mai sauƙi, mai ƙarfi, wanda ya gwada da hannunsa, sannan ya zauna a kan miƙaƙƙen layi har sai ya daina tunanin ƙafarsa da hannunsa. Riga da wando suna zuwa daga baya, kuma suna zuwa da sauri ga wanda ya bi wannan hanya.

Kayan da za ka tanada

- Almakashin yadi mai tsawon inci 8 ko 9. Wannan na yadi ne kaɗai. Takarda tana dakushe shi, saboda haka ka ɗaura masa ƙyalle a hannu don kowa a gidan ya gane shi. Idan bahago ne kai, akwai almakashi na hagu, ka neme shi.
- Ƙaramin almakashi na yanke zare.
- Tef ɗin awo mai inci 60 a gefe ɗaya, santimita 150 a ɗaya gefen, da doguwar rula.
- Allin tela. Idan babu, guntun sabulun da ya sirance ya bushe yana zana layi a kan yadi mai duhu, kuma yana fita da wanki.
- Fil masu kai mai launi, don kada su ɓace a cikin yadi.
- Abin farke ɗinki, mai ɗan ƙaho biyu. Reza tana yi, amma tana saurin cin yadi a hannun wanda bai saba ba.
- Dutsen guga da wurin guga kusa da keke.
- Alluran keke masu lamba daban-daban, da allurar hannu.
- Zare mai kyau, launi biyu masu bambanci sosai, kamar ja da fari.
- Kwarkwaro, wato ɗan abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai, biyar ko shida irin na kekenka.
- Man keke, ƙaramin buroshi, da sikundireba babba da ƙarama.
- Yadin koyo: auduga mara santsi, mara miƙewa. Tsohon zanen gado ya fi komai dacewa.

1. Ka san aikin da kake son yi da wurin da za ka yi shi

Kafin ka kalli kowane keke, amsa wa kanka tambaya uku. Gyaran tufafin gida da ɗinkin yara kake so, ko sana'a za ka kafa? Wutar lantarki tana tsayawa a inda kake? Kana da wurin da tebur zai zauna dindindin, ko sai ka ɗauke keken bayan aiki? Amsar waɗannan ita ce za ta zaɓa maka, ba yawan maɓallan da ke jikin keke ba.

2. Ka zaɓi irin keken

Keken ƙafa, baƙin nan mai kan ƙarfe, shi ne malamin da ya yaye teloli masu yawa a duniya. Yawancin irinsa da ake sayarwa, har da na Butterfly da ake ƙerawa a Sin, an kwaikwaye su ne daga tsohon samfurin Singer mai lamba 15. Amfanin wannan gare ka shi ne kayan gyaransa ba sa wuya, kuma kusan kowane mai gyaran keke ya san cikinsa. Miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, amma yana yin sa da kyau, ba ruwansa da wuta, kuma idan ana ba shi mai yana iya wuce mai shi. Kai ɗaya ne ake ɗora wa hannun juyawa, ko a ɗora shi a teburin ƙafa, ko a ɗaura masa ƙaramar motar lantarki daga baya. Na hannu yana cin hannunka na dama, ya bar ka da hagu kaɗai a kan yadi, don haka idan da hali na ƙafa ya fi.

Keken lantarki na gida, irin na Brother, Janome ko Singer, yana da zigzag, yana buɗe gidan maɓalli, yana komawa baya da danna abu ɗaya. Idan wuta ba matsala ba ce, a ganina shi ya fi dacewa da mai koyo a gida. Ka nemi wanda ake murɗa lambobinsa da hannu, mai ƙashin ƙarfe a ciki. Ɗaga shi ka ji: wanda ya yi nauyi ba ya rawa a kan tebur. Kada yawan ado ya ruɗe ka. Keke mai ɗinki iri 200 da mai iri 10 duk abu huɗu za ka riƙa amfani da su: miƙaƙƙe, zigzag, ribas, da gidan maɓalli. Mai allon kwamfuta yana da daɗin aiki, sai dai idan wuta ta yi sama ta ƙona allon, gyaransa ba na kowa ba ne.

Keken masana'anta kuwa, irin Juki DDL-8700, yana kaiwa ɗinki 5,500 a minti ɗaya, alhali na gida ba ya cika wuce 700 zuwa 1,100. Wanda bai taɓa ɗinki ba, wannan gudu tsoro zai ba shi. Idan sana'a ka nufa kuma dole shi za ka saya, ka nemi mai motar da ake kira servo, wadda ake rage mata gudu da maɓalli, ba tsohuwar mota mai kuloci da ke fizgar yadi da zarar ka taɓa feda ba.

Keken obalok, wanda ke yanke bakin yadi yana ɗaure shi da zare uku ko huɗu, keke na biyu ne. Ba a fara koyo da shi.

Akwai wasu ƙananan kekuna na roba da ake riƙewa a hannu ko masu aiki da batir. Ka bar su. Da yawansu zare ɗaya suke ɗinki da shi, ka ja bakinsa duk ɗinkin ya warware. Araha ba ta ado.

3. Ka gwada kafin ka biya

A nan nake so ka ɓata lokaci, musamman idan keken na hannu ne, wato wanda aka yi amfani da shi. Tsohon keke mai kyau ya fi sabo mara kyau, amma sai ka iya bambance su. Ka je da ƙyallenka uku a aljihu: mai laushi, matsakaici, da guntun jins. Idan za ka samu tela ya raka ka, ya fi.

Fara da juya wilin hannu zuwa wajenka a hankali. Ya kamata ya zagaya sumul, ba tare da wani wuri da yake cijewa ba. Kama sandar da allura ke jiki ka girgiza ta gefe da gefe. Idan tana wasa, ta ci, kuma keken zai riƙa tsallake ɗinki. Buɗe ƙasa ka duba wurin da ƙoshiya ke zama, ƙoshiyar ita ce gidan ƙarfen da kwarkwaro ke shiga. Akwai wata ƙugiya mai tsini da ke kama zare a wurin. Shafa tsinin da farce: idan ya karye ko ya yi kaushi, zai riƙa tsinka zare. Dubi haƙoran da ke jan yadi ko sun dakushe, da farantin da allura ke shiga ko bakin ramin ya farfashe saboda karyewar allurai. Tsatsa a fenti ba komai ba ce. Tsatsa a cikin ƙoshiya da sanduna ita ce abin gudu.

Sannan ka ɗinka da kanka. Ɗinka ƙyalle mai laushi, ka ninka jins huɗu ka bi ta kansa, ka canja tsawon ɗinki, ka gwada ribas, ka naɗa kwarkwaro. Juya ƙyallen ka ga bayansa. Saurari ƙarar: keke mai lafiya ƙararsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ba ƙwanƙwasa a ciki. Idan mai sayarwa ya ce ba sai an gwada ba, ka yi masa sallama.

Ga mai lantarki akwai ƙarin abu biyu. Karanta ɗan farantin da ke jikin motar. Kekunan da aka yi don Amurka na wutar 110 zuwa 120 ne, na cikin Japan 100, alhali ƙasashe da yawa suna kan 220 zuwa 240. Idan ka jona na 110 a wutar 220 ba tare da taransifoma ba, motar ta tafi. Sannan ka taka fedar a hankali ka ga ko keken yana iya tafiya sannu, domin wanda bai san komai ba sai tsayawa da gudu zai wahalar da kai. Ka tambayi littafin keken. Idan ya ɓace, rubuta lambar samfurin, yawanci ana samun littafin a intanet.

4. Allura da zare

Kashi mai yawa na abin da ake kira lalacewar keke allura ce. Kekunan gida, tsoho da sabo, yawanci suna cin allura mai lamba 130/705H, wadda wasu kamfanoni ke rubuta wa HAx1 ko 15x1. Kanta yana da gefe ɗaya shafaffe. Ta masana'anta, DBx1, kanta zagayayye ne. Ba sa musanya da juna.

A jikin fakiti za ka ga lamba biyu, kamar 80/12. Ta farko kaurin allurar ce: 80 na nufin milimita 0.8. Yadi mai laushi yana son 70/10, auduga matsakaiciya 80/12 ko 90/14, jins da yadi mai kauri 100/16 ko 110/18. Yadi mai miƙewa irin na singileti yana da tasa allurar mai dunƙulallen tsini, wadda ke ratsa tsakanin zaruruwa ba ta huda su ba. Ana canja allura bayan kamar awa takwas na ɗinki, ko da zarar ka ji tana bugun yadi tana ƙara tuf-tuf.

Wajen saka ta, ka tura ta sama har ta tokare kafin ka ɗaure sukurun. A kekunan zamani gefen shafaffe yana kallon baya. A baƙaƙen kekuna yana kallon gefe, wasu dama wasu hagu. Ga dokar da ba ta canjawa: shafa allurar da farce, za ka ji doguwar tsaga a gefe ɗaya. Ta wannan gefen zare yake shiga. Allurar da aka saka a juye ba za ta kama zaren ƙasa ba ko kaɗan.

Zaren foliyesta na gama-gari ya ishe ka. Ja shi tsakanin hannuwanka. Idan ya tsinke da sauƙi ko ka ga yana da gashi-gashi, zai cika maka keke da ƙura. Zare iri ɗaya ake sawa sama da ƙasa.

5. Ka saba da keken babu zare

Zauna daidai gaban allura, ba gaban tsakiyar keke ba, haske yana faɗowa a kan takalmin, wato ƙarfen nan da ke danne yadi.

Idan na ƙafa ne, cire allura, ɗaga takalmi. Ɗora ƙafa ɗaya a gaban feda, ɗaya a baya kaɗan. Tayar da wilin da hannun dama zuwa wajenka, ka bar ƙafafunka su karɓa. Abin da kake nema shi ne wilin ya riƙa juyawa gefe ɗaya ba ya komawa baya, domin komawarsa baya ita ke tsinka zare ta cukuikuye shi. Yi ta tashi da tsayawa har ka iya tafiya sannu sosai ba tare da ya juya maka ba. Gudu kowa yana iyawa. Tafiya a hankali ita ce gwaninta.

Bayan haka mayar da tsohuwar allura, ba zare. Ɗauki takarda mai layi ka bi layukan da allura. Sai ka zana murabba'i: idan ka kai kwana, tsaya allura tana cikin takarda, ɗaga takalmi, juya takardar, sauke takalmi, ci gaba. Sai da'ira, sai layi mai lanƙwasa. Ɗaga takardar a haske, hudojin za su nuna maka inda ka kauce. Allurar da ta ci takarda ba ta komawa kan yadi.

Tun yanzu ka koyi abu biyu. Kada ka kalli allura, ba inda za ta. Ka kalli gefen yadi da layin da yake bi. Kuma kada ka ja yadi ta baya ko ka tura shi ta gaba. Haƙora ne ke tafiyar da shi, hannunka saiti kawai yake yi. Mai jan yadi shi ke lanƙwasa allura ta bugi faranti ta karye, wani lokaci guntun ya yi tsalle zuwa fuska. Yatsu kuma su tsaya gefe, kada su shiga gaban takalmi.

6. Naɗa kwarkwaro da saka zare

Dabarar keke, tun wanda Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, zare biyu ne: na sama yana sauka da allura, ƙugiya ta kama shi ta zagaya da shi na ƙasa, su sarƙe a tsakiyar yadi. Duk matsalar ɗinki daga ɗayan biyun nan take, ko daga wurin haɗuwarsu.

Naɗa kwarkwaro a wurin naɗinsa, zaren ya bi ta ɗan faifan da ke matse shi. A tsofaffin kekuna ana sassauta ƙaramin murfin da ke tsakiyar wili don allura ta tsaya yayin naɗi. Kada ka manta ka ɗaure shi bayan ka gama. Naɗin ya zama daidai, mai tauri, kada ya cika har ya tumbatsa. Kada ka naɗa sabon zare a kan ragowar wani. Kwarkwaro kuma ba duka ɗaya ba ne: akwai mai lamba 15, akwai mai lamba 66, akwai na masana'anta, sun yi kama a ido amma tsayinsu ya bambanta. Je da naka a hannu idan za ka sayi ƙari.

Saka shi cikin ƙoshiya, ja zaren ta cikin tsagar har ya shige ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne shi, ka tura ƙoshiyar mazauninta sai ka ji ta ce ƙas.

Zaren sama kuwa, takalmi a ɗage ake saka shi. Wannan ita ce ƙa'idar da masu koyo suka fi mantawa. Idan takalmi yana sama, fayafayan tenshan, waɗanda ke matse zare, a buɗe suke, zaren zai shiga tsakaninsu. Idan yana ƙasa a rufe suke, zaren zai kwanta a kansu kawai, ka ɗinka ka juya yadi ka tarar da tulin zare a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Juya wili har ɗan hannun nan mai hawa da sauka ya kai ƙololuwa, ka bi da zaren ta kowace ƙugiya bi da bi, ta tenshan, ta wannan hannu, har allura. Riƙe bakin zaren da hagu, juya wili zagaye ɗaya, ja a hankali, na ƙasa zai leƙo. Fito da shi, ka tura su biyu baya ta ƙarƙashin takalmi, tsawon kamar santimita 10.

Zare shi duka ka sake sakawa. Maimaita har ka iya ba tare da duba littafi ba.

7. Ɗinkin farko da daidaita tenshan

Sa ja a sama, fari a ƙasa. Ninka ƙyalle biyu, domin ba a gwada ɗinki a kan falle ɗaya. Sa tsawon ɗinki a milimita 2.5, a tsohon keke mai lambobi 6 zuwa 30, waɗanda ke nufin yawan ɗinki a inci ɗaya, ka tsaya a 10 ko 12. Sauke takalmi, riƙe wutsiyar zaruruwan biyu a ɗinki uku na farko, sannan ka sake su.

Duba sakamakon. Idan daidai yake, ja kaɗai za ka gani a sama, fari kaɗai a ƙasa. Idan ja yana leƙowa a ƙasa, zaren sama ya yi sako-sako: ƙara lamba. Idan fari yana hawowa sama ko yadi yana tattarewa, na sama ya matse da yawa: rage. A kekunan da ke da lamba 0 zuwa 9, wurin zama yana wajen 4. Murɗa kaɗan-kaɗan, kana gwadawa bayan kowane murɗi.

Ƙaramin sukurun da ke jikin ƙoshiya shi ne tenshan na ƙasa, kuma ba a taɓa shi sai an rasa yadda za a yi. Gwajinsa: riƙe bakin zare, ka bar ƙoshiya tana reto. Ya kamata ta tsaya cak, idan ka ɗan girgiza hannu ta sauko kaɗan ta sake tsayawa. Idan ta zube ƙasa, ɗaure. Idan ta ƙi motsi, sassauta, kwatan zagaye ko ƙasa da haka. Yi wannan a kan faranti ko farin ƙyalle, don sukurun idan ya faɗi ba a cika ganinsa ba.

Kowane ɗinki ana kulle shi farko da ƙarshe: ɗinki uku gaba, uku baya, a ci gaba. Idan kekenka ba shi da ribas, tsaya allura tana cikin yadi, ɗaga takalmi, juya yadin gaba ɗaya ka koma kan ɗinkin, ko ka ja zaren sama zuwa baya ka ƙulle su biyu da hannu.

Ana barin santimita 1.5 tsakanin ɗinki da bakin yadi. Idan farantinka ba shi da layukan awo, auna daga allura ka manna tef mai launi a wurin, bakin yadi ya riƙa bin sa. Idan ka gama, ɗaga allura zuwa sama, ɗaga takalmi, ja yadin ta baya, ka yanke zare ka bar wutsiya mai tsawo don kada ya zare daga allura.

8. Aikin farko: rigar matashin kai

Na fi son a fara da ita saboda duk layukanta miƙaƙƙu ne, ba zif ba maɓalli, kuma tana koyar da awo, yanka, kalmasa da kwana a aiki ɗaya. Wannan awon na matashi ne mai santimita 40 kowane gefe.

Wanke yadin ka goge shi tukuna, domin auduga tana shiga ruwa ta ragu. Shimfiɗa shi a tebur, ka zana layukanka suna tafiya daidai da gefen yadin na asali, wanda ba ya zarewa. Yanka gaba ɗaya mai 43 da 43, da baya guda biyu masu 43 da 30. Wajen yanka, almakashi yana tafiya a kan tebur, ba a ɗaga yadi sama.

A kowane falle na baya, kalmashe gefe ɗaya mai tsawon 43: ninka santimita 1 zuwa baibai, goge, sake ninka 1, goge, ɗinka kusa da bakin ninkin. Ajiye na gaba fuskarsa tana sama. Kifa na baya biyun a kansa, fuska da fuska, kalmasassun bakunan suna hawa kan juna a tsakiya. Kafa fil a gicciye da layin ɗinki, ka riƙa zare kowanne kafin takalmi ya iso shi. Ɗinka zagaye duka a kan 1.5, kana juya kwana da allura a ciki. Inda bakunan suka hau juna, koma baya ka ƙara bi, don nan ne ke shan ja. Yanke tsinin kwanoni huɗu a karkace ba tare da ka taɓa zare ba, bi bakin da zigzag, juyo ta buɗewar baya, tura kwanonin da abu mara tsini, ka goge.

Idan babu zigzag, akwai almakashi mai haƙora da ke rage zarewar baki. Ko ka yi ɗinki mai ɓoye baki: haɗa yadin baibai da baibai ka ɗinka a kan rabin santimita, rage bakin, juya fuska da fuska, goge, ka sake ɗinkawa a kan santimita 1. Bakin zai shige ciki ya kulle, kuma ya fi zigzag tsabta.

Guga ba a bar ta sai ƙarshe. Kowane ɗinki ka goge shi kafin wani ya hau kansa. Bambancin aikin gwani da na ɗan koyo, rabinsa a nan yake. Layin da ya karkace kuma ka farke shi nan take, tun bai shiga ƙarƙashin wani ba.

9. Idan keke ya yi gardama

Kafin ka taɓa sikundireba, yi abu uku a jere: zare zaren sama ka sake sakawa takalmi a ɗage, fito da kwarkwaro ka sake sa shi, canja allura. Mafi yawan lokuta a nan maganar ke ƙarewa.

Tsallaken ɗinki allura ce: ta lanƙwashe, ta dakushe, ba ta kai sama ba, ko ba irin ta yadin ba ce. Zaren sama mai yawan tsinkewa, duba ko ya naɗe a sandar da yake zaune, ko tenshan ya matse, ko allurar ta yi masa ƙanƙanta. Yadi ya ƙi tafiya, duba ko tsawon ɗinki yana kan sifiri, ko an saukar da haƙora, ko ƙura ta cushe su. Idan wili ya cije, kada ka matsa masa da ƙarfi. Yanke zaruruwan, fito da ƙoshiya, ka ciro guntun zaren da ya maƙale. A keken ƙafa, idan feda tana juyawa allura ba ta motsi, ko bel ya saki, sai a rage masa tsawo kaɗan a sake haɗa shi, ko murfin tsakiyar wili ne ba a ɗaure ba. Idan sabuwar allura tana bugun ƙarfe, ko ta ƙi ɗauko zaren ƙasa bayan duk wannan, saitin allura da ƙugiya ya goce, aikin mai gyara ne.

10. Shara da mai

Bayan kowane aiki babba, cire farantin allura ka share ƙurar da ke tsakanin haƙora da cikin mazaunin ƙoshiya da buroshi. Kada ka hura da baki, kana tura ta ciki ne da danshi. Baƙin keke yana son ɗigo ɗaya na mai a kowane ramin mai, da duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, da mazaunin ƙoshiya. Man keke kaɗai, farin nan mai ruwa-ruwa. Man girki yana daskarewa ya zama danƙo ya riƙe keke, baƙin man mota kuma ya yi kauri. Tsohon kan da ya daɗe a ajiye ya ƙage, ɗigon kananzir yana kwance shi, sannan a goge a bi da mai. Wasu kekunan zamani ba a sa musu mai sai a wuri ɗaya ko biyu, littafinsu zai faɗa. Bayan mai, ɗinka tsumma tukuna don kada ya ɓata maka yadi. Cire filogi kafin ka sa hannu cikin mai lantarki, kuma ka rufe keke idan ka tashi.

11. Abin da ke biye

Bayan rigar matashi biyu ko uku, ɗinka jaka mai hannu, sai siket ko gajeren wando mai roba a ƙugu. A nan za ka fara awon jiki: tef ya kwanta a jiki ba ya matsewa, ka rubuta kowane awo nan take, ka ƙara sarari don motsi da kuma santimita 1.5 na ɗinki a kowane gefe. Gidan roba ya fi robar faɗi da rabin santimita, robar kuma ta gaza awon ƙugu da santimita 3 zuwa 5. Daga nan sai zif, sai aljihu, sai wuya, sai hannun riga, wanda shi ya fi su wuya saboda lanƙwasa biyu ne marasa kama da juna ake haɗawa.

Idan ba ka da takardar fasali, ɗauki tsohuwar rigar da ta yi maka daidai ka farke ta a hankali, ka goge kowane falle, ka zana shi a kan takarda mai kauri, ka rubuta sunansa da inda tsawon yadi ya nufa. Yadda aka haɗa ta za ka gani a wajen farkewa, sai ka mayar da sabuwar ta bin wannan tsari daga ƙarshe zuwa farko. Gwajin farko a yadi mai araha za ka yi shi, da dogon ɗinki na milimita 4 ko 5 mai sauƙin cirewa, ka sa a jiki, ka gyara a takardar, sannan ka sa almakashi a yadin da kake ji da shi.